Malam Shudaf da Akuyar Dada

In ka sauka a tashar Gashuwa ka ce kana neman Malam Fatihu Goni, kallonka za a yi ta yi kamar ka tambayi gidan aljani. Amma ka ce Malam Shudaf. Mai keke zai kai ka har ƙofar gida, ya nuna maka tabarmar da yake zama, ya faɗa maka miyar da aka yi masa jiya. Taubashina ne, ɗan kawuna, da sabulu ɗaya aka yi mana wanka, don haka abin da zan faɗa a kansa gaskiya ne, sai ɗan gishirin da ba a rasa ba.

Dogo ne siriri kamar gorar tuƙa kwale-kwale. In iska ta taso daga bakin kogi, matarsa takan leƙo ta tabbatar yana nan. Shekara ashirin da bakwai yana koyar da Turanci a wata sakandare a Gashuwa, alli ya ci yatsunsa har in ya yi alwala ruwan fari ke sauka. Hula ɗaya gare shi ta zuwa aiki, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, da murya ƙasa-ƙasa wadda 'yan bencin baya suka rantse ba su taɓa ji ba.

Sunan kuwa ga inda ya samo shi. Akwai wasu kalmomi uku da Turawa ke zaman makokin abin da ya wuce da su. Yadda kunnena ya ɗauka, shudaf, kudaf, wudaf. Ta farko ta abin da ya kamata a yi ba a yi ba. Ta biyu ta abin da aka sami hali aka bari ya wuce. Ta uku ta abin da da zai faru in da an yi wancan. Sauran malamai sati guda suke yi a kansu su kaɗe riga su yi gaba. Fatihu in ya shiga, sai damina ta faɗi, a yi shuka, a yi noma, gero ya fitar da kai, yana ciki. Akwai yaran da suka gama makaranta ba su iya tambayar hanyar asibiti da Turanci ba, amma ka ce su yi nadama, sai su cika maka shafi biyu ba kuskure.

Mutane suna cewa tsabar son aiki ne. Mu 'yan gida mun san ba haka ba ne.

A Nguru aka haife shi, bayan tashar jirgin ƙasa. Ubansa Goni Baba, Allah ya ji ƙansa, da safe karatu, da rana fataucin kifin banda. Uwarsa Kaltum Bafulatana ce daga rugagen Jakusko, kowa Dada yake ce mata. Fatihu shi ne ɗan fari. To kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta san da zamansa. Kunya ke nan, kuma ado ce. Sai dai sauran mata kunyar takan tsufa tare da su, in yaro ya yi gemu a ɗan sassauta. Ta Dada ba ta tsufa. Tata irin ta ruga ce, wadda aka dama da nono aka sha tun ana ƙarama.

Ranar da aka yaye shi, ƙanwar ubansa Ya Meram, wato uwata, ta zo daga Gashuwa ta goya shi za ta riƙe, kamar yadda aka saba. Dada tana daka a tsakar gida. Yaro yana miƙo hannu yana tsala kuka, ba ta ɗaga kai ba, ba ta ajiye taɓarya ba. Matan gida suka yi ta yabo, wai 'yar mutunci ce. Geron da ta daka ranar nan ya zama gari, garin ya zama toka, turmin ya tsage gida biyu. Har yau rabinsa yana nan, kaji suna shan ruwa a ciki.

Tun daga ranar, shekara hamsin da ɗoriya, Dada ba ta taɓa yi wa Fatihu magana ba. Ba faɗa suka yi ba, ba laifi ya yi ba. Sunansa kuwa ko kusa da shi ba ta bi. In an taru ana addu'a kowa ya ce a yi Fatiha, ita sai ta ce a karanta Alhamdu. In ta kama dole ta ambace shi, "mutanen Gashuwa" ne, sai ka ce shi kaɗai ya cika gari.

To yaya ake yi in ya je gaisuwa? Akuya. Kullum akwai jar akuya a turke kusa da ƙofar ɗakin Dada, in ta tsufa 'yarta ta gaje ta, kuma duk sunansu Ja. Fatihu zai yi sallama ya tsuguna nesa kaɗan. Dada ta juya ƙeya ta dubi turke.

"Ke Ja, na ji an ce an yi baƙi. Ko sun ci abinci, oho."

Shi ma ya dubi akuya. "A ce mun ci a hanya."

"Ja, yaushe hanya ta fara tuƙa tuwo? Ga kwano can a rufe, in da mai so."

"A ce an gode. A tambaya ya ƙafa."

"Ƙafa tana inda take. Wasu dai sai ramewa suke, kamar an hana mai a Gashuwa."

Akuya tana tuƙa abinta tana kallon wannan tana kallon wancan. Zuriya tara na awaki sun san sirrin taubashina fiye da matarsa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Ya'u, autan Dada. Ƙato ne mai 'ya'ya biyar, amma a tabarmarta yake miƙe ƙafa, ya sa hannu a kwanonta. Ita kuma sau talatin a yini: "Ya'u, tashi mini daga nan. Ya'u, kai da ka girma ba ka yi hankali ba. Ya'u, Allah ya shirye ka." Fatihu yana tsugune can gefe yana ji, yana haɗiyar yawu kamar mai azumi a gaban mai balangu. Ba yabo yake nema ba. Zagin ma da ya samu, ta dube shi ta ce masa sakarai, da ya koma Gashuwa a ƙafa don murna.

Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ɗan Goni ne, ya san ba a jayayya da al'adar uwa. Duk abin sai ya bi ta hannu ya fita ta alli.

Shekarun baya kaɗan jiki ya fara gaya wa Dada gaskiya. Kunnen hagu ya rufe, farar yana ta hau ido ɗaya, ƙafa ta kumbura, a asibiti aka ce zuciya ta gaji. Fatihu ya dawo daga dubiya ya zauna a tabarmarsa bai cire hula ba. Abin da ke ransa ɗaya ne: tsohuwar nan za ta tafi, shi kuma ya zama mutumin da uwarsa ba ta taɓa ce masa ci kanka ba, sai ta bakin dabba.

A daidai lokacin ne aka roƙe shi ya buɗe ajin manya bayan La'asar, a wata firamare ta wajen Katuzu. 'Yan kasuwa ne yawanci, masu kifi da masu hatsi, waɗanda abokan cinikinsu na kudu ke buga musu waya da Turanci su yi ta cewa "yes, yes" har a sayar da su ba su sani ba. A cikinsu akwai Kalli, dillalin banda, ƙato mai ƙaurin hayaƙi, wanda in ya zauna a bencin yara sai benci ya yi salati. Kallin nan duk sati yana zuwa kasuwar Nguru, kuma shekara ashirin shi ke ɗauko ƙunshin Dada na "mutanen Gashuwa": man shanu a kwalba, kuka, da wani yaji mai citta wanda duk faɗin Gashuwa mutum ɗaya ne ke iya cinsa. A layin baya kuma akwai Salma mai shinkafa a tasha, wadda bakinta ya fi wuƙarta kaifi.

An yi gaisuwa, an yi ƙirga, an yi "nawa ne kwali", komai lafiya. Sai hali ya motsa. Wata Laraba Fatihu ya rubuta kalmominsa uku a allo, ya yi bayani, ya ce kowa ya kawo misali daga rayuwarsa.

Kalli ya ajiye biro. "Malam, tsaya. Wannan ba da-na-sani ba ne aka sa masa kwat?"

"Kusan haka, Alhaji."

"To ni ba da ni ba. Abin da ya faru Allah ya rubuta. Tun muna yara aka ce mana mai cewa da ma na yi kaza ƙofa yake buɗe wa Shaiɗan. Ni ciniki na zo koya, ba gayyatar baƙo ba."

"Darasi ne kawai, Alhaji. Ba ƙorafi ba ne."

"Haka ɓarawo ke cewa leƙe kawai ya zo yi."

Aji ya ɗauki gunaguni, mutum uku har sun fara neman takalma. Fatihu ya tsaya da alli a hannu, iska kaɗan ta rage ta ɗauke shi. Sai Salma ta gyara mayafi daga baya.

"Kai Kalli, zauna, kada ka karya wa yara benci a banza. Shaiɗanin Gashuwa yaushe ya yi boko? Badanci yake ji da Hausa da Kanuri, sai ɗan Fillanci na cin kasuwa. In ka faɗa da Turanci, kafin ya samo tafinta ka yi istigfari ka tafi gida."

Aka yi dariya har mai gadi ya leƙo. Kalli ya sosa gemu ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: duk wanda ya yi jimlarsa sai ya rufe ta da "ƙaddara ta riga fata", a toshe ƙofar tun kafin a leƙo. Aka shafa Fatiha a kan haka. Har yau dokar ajin ke nan.

Wanda ya ce ba da shi ba shi ya fara. Da Turancinsa mai ɗingishi, Malam yana tallafa masa, Kalli ya ce da ya sare kacala tun tana iya gwiwa. Kacala ita ce doguwar ciyawar nan da ta cinye ruwayenmu. Akwai wata mashiga a bayan ƙauyensu inda ubansa ya koya masa jefa koma, wato ragar kamun kifi. Shekarar da ciyawar ta fara tsiro uban ya ce su fita da adda, Kalli ya ce sai an dawo daga kasuwa. Yanzu ko kwaɗo sai ya nemi izini kafin ya ratsa wurin, uban kuma yana ƙasa. Ya gama, ya ce ƙaddara ta riga fata, ya fyace hanci ya ce hayaƙin banda ne. Salma ta ce tana da halin zuwa Jakusko ranar da aka aiko yayarta ba lafiya, amma ta ɗora tukunya, ta ce gobe. Wani ya yi ta gonarsa ta fadama. Wani ya yi ta ƙaninsa da ya tafi Legas bai dawo ba. Mutanen da suka shekara arba'in suna haɗiye magana da Hausa, ga shi suna amayar da ita da yaren da ba su iya ba. Har aka fara kiran Magariba ba wanda ya tuna da kwalin kifi.

Ana shirin tashi Kalli ya ce, "Malam, kowa ya zubar da nasa, kai kana tsaye kamar falwaya. Naka fa?"

"Malami ba ya amsa tambaya, yi yake."

"A ajin yara ke nan. Nan duk mun girme ka, ban da Salma, ita ma a bakinta."

Fatihu ya juya ya rubuta layi ɗaya gajere, ya sa hannun riga ya share kafin alli ya zauna. Amma idon Salma ya riga hannunsa.

"Wai tana da halin ta kira shi ko sau ɗaya," ta ce wa aji. "Ashe Malam ma an taɓa shi."

"Wace ce?" wani ya tambaya. "In tana nan ba aure, gobe mu kai goro."

Aka yi ta tsiya, wannan ya ce 'yar Katuzu ce, wancan ya ce wata nas ce. Kalli ne kaɗai bai yi dariya ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana dakon yaji ba sai an fassara masa ba. Ya dubi Malam, ya dubi allo, ya ce a hankali, "Ba ka rufe ba."

"Ƙaddara ta riga fata," in ji Fatihu.

Ranar kasuwa Kalli ya je Nguru. Kunyar ba tasa ba ce, ba ta ɗaure masa baki ba. Abin da ya faɗa wa Dada daga shi sai ita sai akuya. Ya'u dai ya ce ya ga tsohuwa ta kwance ƙunshin mutanen Gashuwa ta sake ɗaurewa har sau uku, alhali ba abin da ta ƙara a ciki.

Kalli ya dawo ya dire ƙunshi a tabarmar Fatihu. "Yau da saƙon baki. An ce a gaya wa mai koyar da yaren nan da Shaiɗan ba ya ji, akwai wata tsohuwa a Nguru mai son shiga aji."

Fatihu ya cire tabarau. "Alhaji, me ka je ka faɗa?"

"Kifi na kai."

"Ban aike ka ba."

"Shekara ashirin ana aikena ban yi magana ba. Sau ɗaya na aiki kaina. In za ka kore ni daga aji, kore ni, dama benci ya gaji."

Kwana uku taubashina yana fushi, yana cewa an tona masa asiri, an ɗaga wa mara lafiya hankali. A na huɗu fushin ya sauka, tsoro ya hau. Asabar da sassafe ya goge rigar da ya riga ya goge, ya sa alli biyu a aljihu kamar mai zuwa yaƙi da laya, ya hau mota. Aka wuce Jajimaji, ruwa dama da hagu, kacala ta yi kore har inda ido ya tsaya. Duk hanya yana shirya abin da zai ce wa akuya.

Ya yi sallama ya shiga. Dada tana zaune a inuwar darbejiya, ta ɗaura sabon zane, ta miƙe kumburarriyar ƙafarta. An shimfiɗa wata tabarma a gabanta, kusa, ba can nesa inda ya saba tsugunawa ba. Ya dubi turke. Ba akuya. Igiya ma babu. Can bayan madafa ya jiyo kukanta, an kai ta an ɗaure.

Ya tsaya tsakar gida, mutum mai furfura, bai san wanda zai gaisar ba.

Dada ta ɗago kai, ta juyo da idon da ke gani, ta sauke shi a fuskarsa.

"Malam, sannu da zuwa. An sha hanya."

Ai kunya tsakanin uwa da ɗan fari take. Ba a taɓa jin ɗaliba ta yi wa malaminta magana ta bakin akuya ba. Tsohuwar da ko harafi ba ta sani ba ta zauna ta samo ƙofar da mai digiri ya shekara hamsin yana lalube.

Ya matsa ya zauna a tabarmar. Ya yi gyaran murya sau biyu kamar tsohuwar akori-kura da safe.

"Yawwa. Me ake so a koya?"

"Malam ya ɗaga murya. Kunne ɗaya ne ya rage."

Ya ɗaga. Wannan ce rana ta farko da aka ji muryar Fatihu daga bencin baya.

"Magana ɗaya ce," in ji Dada. "Ba ni da kai na karatu mai yawa. Wata mata na sani, tun da daɗewa. Aka zo ɗaukar ɗanta tana daka. To in tana so ta ce da ta ajiye taɓarya ta riƙe abinta, yaya ake faɗa a yaren naku?"

Ya daɗe yana kallon rabin turmin da kaji ke shan ruwa. Sannan ya faɗa, a hankali, kalma-kalma, yadda yake yi wa 'yan aji ɗaya.

"Ai shudaf kef him."

Dada ta tattara haƙoranta huɗu ta gwada. Abin da ya fito ya fi kama da kaza ta shaƙe da tsaba. Ta sake, ya fito kamar buta tana tafasa. Sai ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take. Fatihu ya riƙe tasa, ya riƙe, ta ƙwace. Suka yi ta yi su biyu, yana share ido da hula, har Ya'u ya leƙo daga zaure ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya ja da baya a hankali kamar wanda ya tarar da liman yana rawa.

"Ƙaddara ta riga fata," in ji Dada da ta sami numfashi. "An ce haka ake rufewa."

"Haka ake rufewa."

"Yaren nan da nauyi. Ba na yini ɗaya ba ne."

"A'a. Wasu sai su shekara."

Tsakanin gwaji da gwaji sai ta riƙa jefo tambaya, irin wadda ɗaliba ke da ikon yi. Malam me ya sa ba ya ƙiba? Iyalin Malam suna sa masa man da ake aikawa, ko baƙi ke cinyewa? Wannan tabon na goshin Malam fa? Ya ce mata jaki ne ya kayar da shi a Katuzu yana ɗan shekara tara. Ta ce an faɗa mata a lokacin, ɗinki huɗu. Shi kansa ya manta ɗinki nawa ne.

Can ta ce, "Da aka kai Malam Gashuwa yana ƙarami, ya yi kuka da yawa?"

"An ce kwana arba'in."

Ta jinjina kai, tana murza bakin zane. "Ita ma matar nan an ce..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ce a sake faɗin darasi.

Da zai tafi bayan La'asar ta ce, "Malam zai dawo Asabar?"

Yau shekara guda da wata huɗu ke nan. Duk Asabar, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ko mai ya yi wuya sai an hau bayan buhunan shinkafa, Malam Shudaf yana hanyar Nguru. Kuma ina mai baƙin cikin sanar da jama'a cewa a duk faɗin Yobe ba a taɓa ɗaliba mai taurin kai irin Dada ba. Kalma huɗu ce tal. Aku da an ba shi wannan lokaci da yanzu yana karanta labarai a rediyo. In ta kama ta farko ta saki ta ƙarshe, in ta kama ta ƙarshe ta tsakiya ta gudu. Sai a yi gwaji biyu, a yi hira awa uku. Ya ji labarin rugarsu, da saniyar da aka ba ta ranar aure, da yadda jirgi ke kuka in ya shigo Nguru har nono ya tsinke a ƙwarya. Ta ma fara yi masa faɗa. Ranar da ta ce, "Malam dai ba shi da wayo, wa ke fita rana ba lema," ya dawo Gashuwa yana murmushi har matarsa ta tambaya ko ƙarin girma aka yi masa.

Ya'u ne ya fasa ƙwai. Ya rako shi tasha wata Asabar, suna jiran mota ta cika, ya ce, "Yaya, ka san tsohuwar nan wasa take da kai?"

"Kamar yaya?"

"Ta iya. Tun sati na biyu. In ka tafi sai ta sa a dawo da Ja turke, ta zauna ta yi ta faɗa mata, tas, kamar Baturiya. Akuyar ma ta kusa iyawa."

Fatihu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya daɗe yana kallon masu ɗora kwalayen banda a mota.

"Ya'u, in ka kuskura ka gaya mata na sani, ni da kai ne."

Suna kuwa har yau bai ji ba. Malam ne, Malam ne. Ya ce ya isa, kuma ƙarya yake, don na ga yadda yake waiwaya in wata uwa ta ƙwala wa ɗanta kira a layi.

Watan jiya jikin ya ƙara nauyi, darasi ya koma cikin ɗaki, tana kwance yana zaune a bakin gado. Ta gwada jimlarta, ta ɓata ta kamar kullum. Sannan ta kama hannun rigarsa, wurin da alli ya ci.

"Malam, in an gama wannan, akwai wata kalma ɗaya da nake so in gwada. Ba Turanci ba ce. Tun ranar suna take bakina, ban taɓa fitar da ita ba. Amma sai Malam ya ce na ci wannan tukuna."

Ya san kalmar. Abin da ya rage kawai ya ce ta ci. Ya buɗe baki, sai ya dubi ƙafar, ya dubi yadda numfashi ke hawa da sauka da ƙyar, ya ga kamar bashin maganar nan ne kaɗai igiyar da ta rage tana riƙe da ita a turke.

"Saura kaɗan," ya ce. "A sake."

Ta yi ɗan murmushi, ta sake, ta ɓata.

Duk Juma'a yana gaya wa Kalli cewa gobe zai ce ta ci, abin da zai faru ya faru. Kalli ya ce masa ya tuna da kacala. Ya ce ya tuna. Jiya Asabar na gan shi a tasha tun rana ba ta yi zafi ba, ya sami kujerar gaba, hula a kai, alli biyu a aljihu, yana motsa baki shi kaɗai kamar mai bitar abin da zai faɗa. Na ce masa Shudaf, a gai da ɗaliba. Bai ji ni ba, idonsa yana kan hanya.